Yadda Ake Haɗa Manhajar Yanar Gizo da Rumbun Bayanai Tsakanin Windows, Linux da Mac

Tambayar da masu koyon gina manhaja suka fi turo min ita ce wannan: "A kwamfutata komai na tafiya lafiya lau, amma da na ɗora a saba sai manhajar ta ƙi haɗuwa da rumbun bayanai. Ina matsalar take?" Yawancinsu kafin su tambaya sun riga sun yi ta jujjuya kod, alhali kod ɗin ba shi da laifi. Matsalar tana tsakanin na'urorin ne: adireshi, ƙofa (port), izini, direba (ɗan shirin da manhaja ke magana da rumbu ta cikinsa), da ƙananan halaye da Windows da Linux suka sha bamban a kai.

Zan ɗauki yanayin da ya fi yawa a wurinmu. Ka gina manhajar PHP a laftof mai Windows da XAMPP, ƙunshin da ke kawo PHP da rumbu wuri ɗaya, za ka ɗora ta a saba (server) mai Ubuntu 24.04, wani nau'in Linux, rumbun kuma MySQL 8.0 ne, wataƙila abokin aikinka yana kan Mac. Mai amfani da Python ko Node.js shi ma matakan nan zai bi, direba kawai zai canza. Can ƙasa akwai mataki na musamman ga wanda rumbunsa SQL Server ne.

Abu ɗaya nake roƙo: bi matakan a jere. Kada ka taɓa kod sai ka wuce mataki na 5.

Kayan aiki da kuɗi

PHP, MySQL, MariaDB (wani rumbu ɗan'uwan MySQL), XAMPP da DBeaver (manhajar duba teburan rumbu) duk kyauta ne. Umarnin ssh da scp suna nan cikin Windows 10 da 11, da Mac, da Linux, ba sai ka sauke komai ba. Abin da zai ci kuɗi shi ne saba. Ƙaramar saba ta haya tana kamawa kusan dala 5 zuwa 6 a wata, rumbun da kamfani ke kula maka da shi kuma yana farawa daga wajen dala 15. Ga ƙaramin shago ko makaranta, saba ɗaya mai ɗauke da manhaja da rumbu tare ta wadatar, kuma ta fi sauƙin tsarewa.

A misalan da ke tafe, sabar manhaja tana 10.0.0.5, sabar rumbu tana 10.0.0.10, sunan rumbun kuma shago. Sauya su da naka.

1. Rubuta abubuwa biyar a takarda

Adireshin na'urar da rumbun yake, lambar ƙofa, sunan rumbu, sunan asusu, kalmar sirri. Ƙofar MySQL da MariaDB ita ce 3306, ta PostgreSQL 5432, ta SQL Server 1433.

Sai ka amsa tambaya ɗaya: manhajar da rumbun suna cikin na'ura ɗaya ko biyu? Idan ɗaya ce, tsallake mataki na 2 da na 4 baki ɗaya, ba ka da buƙatar buɗe komai. Idan biyu ne, yi ƙoƙari su zauna a cibiya ɗaya ta kamfani ɗaya, su riƙa magana ta adireshin cikin gida irin mai farawa da 10.

Gargaɗi: kada ka ajiye manhaja a Legas rumbu a Turai saboda araha. Kowace tambaya da manhaja ta yi wa rumbu sai ta je ta dawo. Idan zuwa da dawowa na cin milisakan 100, shafin da ke yin tambaya 50 zai ɓata daƙiƙa 5 a hanya kaɗai, kuma babu gyaran kod mai sauƙi da zai rufe wannan.

Masu hayar wuri a cPanel su lura cewa ana liƙa sunan asusunsu a gaban sunan rumbu da na mai amfani. Idan ka ƙirƙiri shago, cikakken sunansa zai zama kamar sunanka_shago, kuma cikakken ne za ka rubuta.

2. Tabbatar rumbun yana sauraron waje

MySQL da aka saka a Ubuntu kansa kawai yake saurare, wato 127.0.0.1. Duba da idonka:

```
sudo ss -ltnp | grep 3306
```

Idan ka ga `127.0.0.1:3306`, babu wata na'ura da za ta iya shiga daga waje, ko da komai naka daidai ne. Buɗe fayil ɗin `/etc/mysql/mysql.conf.d/mysqld.cnf`. Idan MariaDB ce, fayil ɗin shi ne `/etc/mysql/mariadb.conf.d/50-server.cnf`. Nemi layin `bind-address` ka mayar da shi haka:

```
bind-address = 127.0.0.1,10.0.0.10
```

MySQL yana karɓar adireshi fiye da ɗaya tun daga 8.0.13. Ka bar 127.0.0.1 a ciki, za mu buƙace shi a mataki na 10. Sake tayar da rumbun da `sudo systemctl restart mysql`, ka maimaita umarnin ss.

Idan rumbun yana kan Windows, fayil ɗin `my.ini` ne. Na MySQL yana `C:\ProgramData\MySQL\MySQL Server 8.0\`, folda ce ɓoyayyiya, sai ka rubuta adireshin da hannu. Na XAMPP yana `C:\xampp\mysql\bin\`. Dubawa kuma da `netstat -ano | findstr 3306` ake yi.

Gargaɗi: za ka ga ana cewa a saka `0.0.0.0`. Wannan yana nufin rumbun ya saurari kowace hanya, har da intanet. Idan babu makawa sai ka yi haka, to ka fara gama mataki na 4 tukuna, sannan ka dawo nan.

3. Ƙirƙiri rumbu da asusu na manhajar kaɗai

XAMPP ya saba wa mutane da root, wato asusu mai cikakken iko, marar kalmar sirri, shi ya sa da yawa ke kwashe wannan hali su kai saba. A Ubuntu ba zai yi ba. Root ɗin MySQL a can ba ya amfani da kalmar sirri, yana duba ko kai ne root na na'urar, don haka da `sudo mysql` ake shiga. Manhajarka kuwa ba root ba ce, sai ta sami `Access denied`. Kada ka nemi dabarar karya wannan tsari. Yi wa manhajar asusunta:

```
CREATE DATABASE shago CHARACTER SET utf8mb4 COLLATE utf8mb4_unicode_ci;
CREATE USER 'shago_app'@'10.0.0.5' IDENTIFIED BY 'doguwar-kalmar-sirri';
GRANT SELECT, INSERT, UPDATE, DELETE ON shago.* TO 'shago_app'@'10.0.0.5';
```

Ka dubi abin da ke bayan alamar @ da kyau. A MySQL asusu suna ne haɗe da wurin da aka fito. `'shago_app'@'10.0.0.5'` da `'shago_app'@'localhost'` asusu biyu ne daban, kowanne da kalmar sirrinsa da izininsa. Mutum zai ƙirƙiri na localhost, ya yi ƙoƙarin shiga daga wata saba, ya ga kuskure 1130 ko 1045, ya yi ta canza kalmar sirri a banza. Saƙon 1045 da kansa yana nuna maka daga ina MySQL ya ga ka fito. Karanta abin da ke bayan @ a cikin saƙon, shi ne adireshin da ya kamata ka ba izini.

Idan manhaja da rumbu na na'ura ɗaya, yi asusun da `'localhost'`. Idan manhajarka ce ke gina teburanta da kanta, kamar yadda Laravel, tsarin gina manhajar PHP, ke yi, ƙara mata CREATE, ALTER, INDEX, DROP da REFERENCES a kan wannan rumbu kaɗai.

Gargaɗi: guji `'%'` a matsayin adireshi, domin yana nufin ko daga ina. Guji `ON *.*` shi ma. Ranar da aka sami ɓaraka a manhajar, iyakar ɓarnar ita ce iyakar izinin da ka bayar a nan.

Dalilin da ya sa na zaɓi `utf8mb4_unicode_ci` zai fito a mataki na 9.

4. Buɗe katangar tsaro ga adireshi ɗaya tak

A Ubuntu, da ufw ake sarrafa katangar (firewall):

```
sudo ufw allow from 10.0.0.5 to any port 3306 proto tcp
sudo ufw status
```

A Windows, buɗe PowerShell da ikon shugaba:

```
New-NetFirewallRule -DisplayName "MySQL" -Direction Inbound -Protocol TCP -LocalPort 3306 -RemoteAddress 10.0.0.5 -Action Allow
```

Kamfanonin saba da yawa suna da tasu katangar a shafin gudanarwa, ban da ta cikin na'urar. Sai ka buɗe duka biyun.

Gargaɗi na farko: idan ufw bai taɓa aiki a sabar ba, yi `sudo ufw allow OpenSSH` kafin `sudo ufw enable`. In ba haka ba za ka kulle kanka a waje.

Gargaɗi na biyu, wanda ya fi muhimmanci a duk jagorar nan: kada ka rubuta `ufw allow 3306` tsurarsa. Buɗe 3306 ga duniya daidai yake da barin rumfa a buɗe cikin kasuwa da dare. Akwai na'urori da aikinsu kenan dare da rana, bin adireshi ɗaya bayan ɗaya suna gwada kalmomin sirri. Idan suka shiga sukan goge tebura su bar saƙon neman kuɗin fansa. Sunayen ɗalibai ne ko lambobin wayar abokan ciniki ke ciki, amana ce aka ba ka.

5. Gwada hanya kafin ka taɓa kod

Gwajin nan daga na'urar da manhajar ke zaune ake yin sa, ba daga laftof ɗinka ba. Shiga sabar manhaja ta ssh. A Linux ko Mac:

```
nc -zv 10.0.0.10 3306
```

A Windows:

```
Test-NetConnection 10.0.0.10 -Port 3306
```

Da umarnin nc, amsa uku ce za ka iya samu, kowacce da inda take nuni. Idan ya haɗu, ci gaba. Idan nan take ya ce `Connection refused`, yawanci ka isa na'urar amma babu mai sauraro a wannan ƙofa, koma mataki na 2. Idan ya yi shiru na tsawon lokaci sannan ya ce `timed out`, katanga ce ke haɗiye saƙon ko adireshin ba daidai ba ne, koma mataki na 4. Bambance waɗannan biyun kaɗai yana rage wa mutum wahalar yini guda.

Hanya ta buɗe, sai a gwada asusu:

```
mysql -h 10.0.0.10 -P 3306 -u shago_app -p shago
```

Babban P na ƙofa ne, ƙaramin p na kalmar sirri. Idan ka shiga nan, ka tabbatar rumbu, katanga da asusu duk lafiya suke. Duk abin da ya rage yana ɓangaren manhaja.

6. Saka direba

Idan PHP ya ce `could not find driver`, bai ma fara ƙoƙarin haɗuwa ba. Duba abin da ke ciki:

```
php -m
```

Kana neman `pdo_mysql`. A Windows, buɗe `php.ini`, cire alamar `;` daga gaban `extension=pdo_mysql`, ka sake tayar da Apache. XAMPP yakan zo da shi a kunne. A Ubuntu ba a gyara layi, sakawa ake yi:

```
sudo apt install php-mysql
sudo systemctl restart php8.3-fpm
```

Mai amfani da Apache kai tsaye sai ya sake tayar da `apache2`. PHP na Homebrew, manhajar saka shirye-shirye a Mac, yana zuwa da direban.

Gargaɗi: Ubuntu yana da saituna daban ga PHP na tagar umarni da na shafin yanar gizo, ɗaya a `/etc/php/8.3/cli/`, ɗayan a `/etc/php/8.3/fpm/` ko `apache2`. Yana yiwuwa `php -m` ya nuna direba amma shafi ya ce babu, musamman idan akwai PHP iri biyu a sabar. Yi ɗan fayil mai `phpinfo()` ka duba ta burauza, ka goge shi nan take bayan ka gani.

Idan kuskuren 2054 ne, mai cewa ba a san hanyar tantancewar da sabar ta nema ba, PHP ɗinka ya tsufa. MySQL 8 yana amfani da `caching_sha2_password`, PHP kuma daga 7.4 ya fara iya shi. Shawarar da ake yawan bayarwa ita ce a mayar da asusun kan `mysql_native_password`. Ba na goyon bayanta, domin a MySQL 8.4 an kashe shi tun daga farko, a 9.0 an cire shi gaba ɗaya. Sabunta PHP ya fi.

A Rocky Linux, AlmaLinux da danginsu akwai ƙarin mai gadi, SELinux. Umarnin mysql zai shiga lafiya, amma shafi ya ce `Permission denied`. Maganinsa:

```
sudo setsebool -P httpd_can_network_connect_db 1
```

Kada ka kashe SELinux dungurungum saboda layi ɗaya.

7. localhost ko 127.0.0.1

Nan ne aka fi shan wahala, don haka zan ɗan daɗe.

A Windows, idan ka rubuta localhost, PHP yana bin hanyar sadarwa ta ƙofa 3306. A Linux da Mac ba haka ba ne. Da PHP ya ga kalmar localhost sai ya bar ƙofa, ya nemi wani fayil na musamman da ake kira soket, ya yi magana da MySQL ta cikinsa. Lambar ƙofar da ka rubuta ma ba ya kallonta. A Ubuntu soket ɗin yana `/var/run/mysqld/mysqld.sock`, a Mac mai Homebrew yana `/tmp/mysql.sock`. Idan PHP ya nema a wurin da babu shi, sai ka ga:

```
SQLSTATE[HY000] [2002] No such file or directory
```

Mutane sukan ɗauka wani fayil na manhajarsu ne ya ɓata. Soket ne ba a samu ba. Rubuta `127.0.0.1` a maimakon localhost, wannan yana tilasta bin ƙofa a kowane tsari, kuma saiti ɗaya zai yi aiki a Windows, Mac da Linux. Shi nake ba da shawara ga tawagar da ke aiki da na'urori iri-iri.

Masu Node.js suna da tasu. Tun daga Node 17, localhost yana iya komawa `::1`, wato adireshin IPv6, alhali MySQL yana sauraro a 127.0.0.1. Saƙon shi ne `ECONNREFUSED ::1:3306`. Magani ɗaya ne, rubuta lambobin.

Docker kuma, wanda ke tafiyar da manhaja a cikin keɓaɓɓen akwati da ake kira kwantena, ya juya maganar gaba ɗaya. A cikin kwantena, localhost da 127.0.0.1 duk kwantenar kanta suke nufi, ba kwamfutarka ba. Idan rumbun yana wata kwantena a fayil ɗin Compose ɗaya, sunan da ka ba shi a fayil ɗin ne adireshi, misali `db`. Idan rumbun yana kan kwamfutar kanta, a Windows da Mac rubuta `host.docker.internal`. A Linux wannan suna ba ya aiki sai ka ƙara:

```
--add-host=host.docker.internal:host-gateway
```

Ko bayan haka, dole MySQL ya kasance yana sauraron adireshin da Docker ke fitowa ta kai, kuma asusun yana da izini daga can. Mataki na 2 da na 3 kenan sun dawo.

8. Fayil ɗin saituna da kod

Kalmar sirri ba ta shiga cikin kod. Ajiye abubuwa biyar ɗin nan a fayil `.env`, kowace na'ura da nata, ka saka sunansa a `.gitignore`:

```
DB_HOST=10.0.0.10
DB_PORT=3306
DB_DATABASE=shago
DB_USERNAME=shago_app
DB_PASSWORD="doguwar-kalmar-sirri"
```

Laravel yana karanta shi da kansa. A PHP tsantsa ana amfani da ɗakin karatu irin phpdotenv. Haɗin kansa, da PDO, hanyar PHP ta magana da rumbu, gajere ne:

```
$dsn = "mysql:host=$host;port=$port;dbname=$db;charset=utf8mb4";
$pdo = new PDO($dsn, $asusu, $sirri, [
    PDO::ATTR_ERRMODE => PDO::ERRMODE_EXCEPTION,
    PDO::ATTR_EMULATE_PREPARES => false,
]);
```

Kada ka manta `charset=utf8mb4`.

Ƙananan abubuwa uku suna sa a ga `Access denied` duk da kalmar sirri daidai take. Idan akwai `#` a cikinta kuma ba ka sa ta tsakanin alamun zance ba, ana ɗaukar abin da ya biyo baya a matsayin sharhi, a yanke shi. Idan saitin a siffar adireshi ɗaya dogo yake, alamar @ a cikin kalmar sirri sai an rubuta ta `%40`. Na ukun ya fi ɓuya: Windows yana rufe kowane layi da alamomi biyu, Linux da ɗaya. Fayil ɗin da aka rubuta a Windows aka kai Linux, idan rubutun bash ne ya karanta shi, alamar da ba a gani tana maƙalewa a ƙarshen kalmar sirri. Duba da `cat -A .env`. Idan ka ga `^M` a ƙarshen layuka, gyara da `dos2unix .env`.

Mai Laravel da ya canza `.env` bai ga canji ba, ya yi `php artisan config:clear`.

Gargaɗi: `.env` ba ya zama a foldar da duniya ke gani. Gwada buɗe adireshin shafinka ka ƙara `/.env` a ƙarshe. Idan ya nuna maka abin da ke ciki, gyara saitin sabar, sannan ka canza kalmar sirri, domin ka ɗauka an riga an gan ta. A saba mai aiki kuma kashe nuna kurakurai ga baƙi, a riƙa rubuta su a fayil.

Idan ya zama dole haɗin ya bi ta intanet, sa `REQUIRE SSL` a kan asusun, ka ba PDO takardar shaidar sabar ta `PDO::MYSQL_ATTR_SSL_CA`.

9. Kwashe bayanai daga Windows zuwa Linux

Haɗi ya yi, yanzu sai kayan ciki. Fitar da su daga XAMPP haka:

```
C:\xampp\mysql\bin\mysqldump -u root --default-character-set=utf8mb4 --single-transaction --result-file=shago.sql shago
```

Gargaɗi: a tsohon PowerShell da ke zuwa da Windows, kada ka yi amfani da alamar `>` wajen fitarwa. Yana rubuta fayil ɗin da UTF-16, MySQL kuma zai ƙi karɓa, yana kukan ya ga `ASCII '\0'`. Shi ya sa na sa `--result-file`.

Tura shi da `scp`, ka shigar da shi a sabar rumbu da `sudo mysql shago < shago.sql`.

Daga nan matsala ta farko takan bayyana: `Table 'shago.Kayayyaki' doesn't exist`, kuskure 1146, ga teburin kuma kana ganinsa. Windows ba ya bambanta babban harafi da ƙarami a sunan tebur, yana ma mayar da su duka ƙanana wajen ajiyewa. Linux yana bambantawa. Kod ɗinka na cewa `Kayayyaki`, teburin da ya iso sunansa `kayayyaki`. Saitin da ke kula da wannan shi ne `lower_case_table_names`, wanda yake 1 a Windows, 0 a Linux, 2 a Mac. A MySQL 8 ba a canza shi bayan an kafa rumbu, don haka kada ka ɓata lokaci a kansa. Mayar da sunayen tebura duka ƙananan haruffa a cikin kod, ka riƙe wannan ƙa'ida har abada. Sunayen fayiloli ma haka: `Config.php` da `config.php` abu ɗaya ne a Windows, biyu ne a Linux.

Matsala ta biyu ta shafe mu kai tsaye, mu masu rubuta Hausa. Haruffan ƙ, ɗ, ɓ, da ƴ da aka fi amfani da shi a Nijar, babu su a tsarin haruffa na latin1, wanda shi ne zaɓin farko na MySQL har zuwa 5.7. Alama biyu ce. Idan "ƙasa" ta koma "?asa", an riga an yi asarar harafin wajen ajiyewa, sai an sake shigar da bayanan. Idan ta koma "Æ™asa", ko "ɗaki" ya zama "É—aki", bayanan suna nan, karatun ne ya karkace, ana iya ceto su. Kafin ka gwada kowane gyara, yi kwafin ajiya. Wuri huɗu dole su yarda da juna: rumbu, tebur, haɗin PDO, da shafin HTML mai `<meta charset="utf-8">`. Duba tebur da `SHOW CREATE TABLE`. Wanda aka gina da latin1 kuma bayanansa ba su gurɓace ba ana juya shi haka:

```
ALTER TABLE kayayyaki CONVERT TO CHARACTER SET utf8mb4 COLLATE utf8mb4_unicode_ci;
```

Abin da MySQL ke kira `utf8` tsurarsa yana ɗaukar haruffanmu, amma ba ya ɗaukar emoji, kuma mutane za su saka emoji a fom ɗinka ko ka so ko ka ƙi. Gwajin da nake so kowa ya yi kafin ya miƙa aiki: shigar da "Ɗanɓaure ƙwarai" tare da emoji ɗaya ta fom, ka karanto shi a shafi, ka kuma duba shi a DBeaver.

Ta ukun tana faruwa ne idan ka juyo da bayanai daga saba zuwa laftof. XAMPP ba MySQL ke cikinsa ba, MariaDB ce, kuma wadda ke ciki ba ta san `utf8mb4_0900_ai_ci` ba, wanda shi ne zaɓin farko na MySQL 8. Sai ka ga `Unknown collation`. `utf8mb4_unicode_ci` kuwa duka biyun sun san shi, dalilin zaɓinsa kenan a mataki na 3.

10. Shiga rumbun saba daga laftof

Kana son ganin teburan saba a DBeaver daga gida. Ba wa adireshinka izini a katanga ba zai ɗore ba, domin mai amfani da datar waya adireshinsa canzawa yake yi, kuma yakan raba shi da wasu mutane da yawa. Yau ya yi, gobe ya ƙi, daga nan sai zuciya ta raya maka ka buɗe wa kowa. Ramin SSH ya raba ka da wannan:

```
ssh -N -L 3307:127.0.0.1:3306 sunanka@adireshin-saba
```

Umarnin iri ɗaya ne a PowerShell, Mac da Linux. Bar tagar a buɗe, ka ce wa DBeaver ya haɗu da `127.0.0.1` a ƙofa `3307`. Na zaɓi 3307 ne don XAMPP ya riga ya riƙe 3306 a laftof. MySQL zai ga kamar daga cikin sabar ka fito, don haka yi wa kanka asusu daban mai `@'127.0.0.1'`. DBeaver ma yana da shafin SSH a saitin haɗi idan ba ka son tagar umarni.

Gargaɗi: sa wa haɗin saba launi ja a DBeaver. Taga biyu masu kama da juna, ɗaya ta gwaji ɗaya ta gaske, ta haka ake goge bayanan mutane da DELETE ɗaya.

11. Idan rumbun SQL Server ne a kan Windows

Ma'aikatu da kamfanoni da yawa suna da tsohon rumbu a SQL Server, sabuwar manhaja kuma tana Linux. Ana haɗa su, amma da ƙarin aiki a ɓangarorin biyu.

A Windows, buɗe SQL Server Configuration Manager ka kunna TCP/IP, domin a bugun Express a kashe yake zuwa. A shafin adireshi, can ƙasa wajen IPAll, goge abin da ke TCP Dynamic Ports, ka rubuta 1433 a TCP Port, ka sake tayar da rumbun. In ba haka ba ƙofar na iya canzawa. A Management Studio kunna shiga iri biyu, ta Windows da ta SQL Server, ka yi asusu mai suna da kalmar sirri, saboda sabar Linux ba ta da asusun Windows. Katanga kuma kamar mataki na 4, da 1433.

A Ubuntu, ƙara ma'ajiyar Microsoft, sannan:

```
sudo ACCEPT_EULA=Y apt install msodbcsql18 unixodbc-dev
sudo pecl install sqlsrv pdo_sqlsrv
```

Umarnin pecl yana buƙatar `php-dev` da `php-pear`, kuma bayan ya gama sai ka kunna direbobin biyu a saitunan PHP, na cli da na fpm. A rubutun haɗi waƙafi ne ke raba adireshi da ƙofa:

```
sqlsrv:Server=10.0.0.10,1433;Database=shago
```

Direba na 18 yana rufe bayanai tun daga farko, don haka idan sabar tana da takardar shaidar da ta yi wa kanta za ka ga `certificate verify failed`. Ƙara `TrustServerCertificate=1` yana wucewa da kai, kuma ya isa ga gwaji a cikin gida. Ga aikin gaske a saka wa sabar takardar shaida ta ƙwarai. Haruffan Hausa a nan suna buƙatar ginshiƙi `NVARCHAR`, rubutu kai tsaye kuma da N a gaba, kamar `N'ƙasa'`. Express na 2022 yana tsayawa a gigabait 10 ga kowane rumbu, a san da wannan kafin a cika shi da hotuna.

12. Daidaita agogo

Laftof ɗinka yana kan lokacin Najeriya da Nijar, awa ɗaya gaba da UTC, lokacin da duniya ke auna agogo da shi. Sabar haya galibi tana kan UTC. Cinikin da aka yi ƙarfe 12:30 na dare zai faɗa lissafin jiya, mai shago ya ga kuɗin aljihun tebur bai yi daidai da rahoto ba. Duba abin da rumbun ke gani:

```
SELECT NOW(), @@global.time_zone, @@session.time_zone;
```

Hanya mafi tsabta ita ce a ajiye komai da UTC, manhaja ta juya shi wajen nunawa. Idan ka fi son lokacin gida, sa PHP a kan `Africa/Lagos`, ka aika `SET time_zone = '+01:00'` da zarar haɗi ya buɗe. Lambar ta fi sunan aminci a ɓangaren MySQL, domin ba ya gane `Africa/Lagos` sai an loda masa teburan lokaci, da `mysql_tzinfo_to_sql` a Linux, a Windows kuma sai an sauke su daban. Tunda ba ma canza agogo da rani ko damina, `+01:00` ba zai taɓa kauce maka ba. Wanda ke Ghana ya bar shi a `+00:00`, na Sudan kuma `+02:00`.